Murfin jirgin sama mai zamiya ko mai hinji? Ina neman shawara kafin na yi odar gangar jiki

Sabon Magini:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama wutsiya, fukafukai ma saura ƙiris, lokacin odar gangar jikin RV-7 ɗina, ƙaramin jirgin saman da nake haɗawa a gida, ya yi. Sai ga takardar oda tana yi min tambayar da na yi wata biyu ina kauce wa: murfin kan matuƙi, mai zamiya baya nake so ko mai hinji a gaba wanda ake ɗagawa? Da na zaci sai a kashin ƙarshe na kayan zan zaɓa, tunda a nan gilashin yake zuwa. Ashe ginin gaban gangar jikin ya bambanta tsakanin biyun, yanzu ake yanke hukunci. Ban taɓa zama a cikin ko ɗaya ba. Waɗanda suka gina ko suka tuƙa, don Allah ku faɗa min abin da kuka gani da idonku.

Dogo:
Wa alaikumus salam. Mai zamiya, an gama magana. Ranar da ka zauna a layi kana jiran izinin tashi, rana ta take, an kife ka da kwanon gilas, za ka gode min. Ni turawa baya nake yi, farfela tana yi min fifita, gwiwar hannuna a waje.

Mai Lantarki:
Malam Dogo ya faɗi daɗin, bai faɗi kuɗin ba. Ka tambaye shi yadda yake kaiwa ga bayan allon na'urori in waya ɗaya ta saki. A mai zamiya gilashin gaba a kafe yake, farantin da ke saman allon kuma an buge shi da ribit. Hanya ɗaya ce ta rage: ka cire kujera, ka kwanta rigingine, kanka a wajen fedar ƙafa, ƙafafunka a sama, tocila a baki. Na yi wa mutane wayarin a jirage iri biyun, kuma duk ranar da aka kira ni aikin mai zamiya sai bayana ya fara ciwo tun ban bar gida ba. A mai hinji kuwa, ka ɗaga murfi, ga bayan allon nan a gabanka, kana tsaye kana aiki kamar mutum.

Dogo:
Sau nawa a shekara ake shiga bayan allo? Zafi kuwa kullum ne.

Mai Lantarki:
A shekarar farko? Fiye da yadda kake zato. Sa'o'i 40 na gwajin da hukumar jiragen Amurka ta saba ɗora wa jirgin da aka haɗa a gida, rabin matsalolin da na gani suna fitowa a cikinsu na waya ne da bututun na'urar auna gudu.

Baba Tsohon Matuƙi:
Yarana, wannan gardamar ta girmi wasunku. Tun zamanin RV-6, wanda Richard VanGrunsven, mai tsara jiragen RV, ya fitar a 1986, ake yin ta, aka gada a RV-7 da RV-9, har yau ba wanda ya kayar da wani. Na gina mai hinji, na sayar, daga baya na sayi mai zamiya da wani ya gina, don haka bari na faɗi abin da na gani.

Abin da nake kewa a mai hinji shi ne gani. Bakan ƙarfen da ke kare kai in jirgi ya kife, a bayan kujeru yake. Daga hancin jirgi har bayan ƙeyarka gilas ne zalla, ba abin da ya gitta. Ranar farko da na tashi da shi sai na ji kamar a kan jirgin nake zaune, ba a cikinsa ba. A mai zamiya wannan bakan a gabanka yake, a inda gilashin gaba ya haɗu da murfi, ga kuma sanda ɗaya a tsakiya da ke tokare shi. Ido yana sabawa, bayan mako biyu ba ka lura da su. Amma saba wa abu daban, rashinsa daban. Jirgin da ke tahowa ta gefe yana iya ɓuya a bayan wannan bakan, sai ka riƙa motsa kai kana leƙawa.

Abin da kuma ba zan iya rabuwa da shi a mai zamiya ba, shi ne bakan nan dai. Shi nake kamawa in shiga, shi nake kamawa in fito. Da ina da shekara arba'in ban san amfaninsa ba. Yanzu gwiwa ta koya min.

Sabon Magini:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. To a wajen gini fa? Wanne ya fi wahala? Gaskiya aikin gilashin nan shi ne yake hana ni barci.

Injiniya Mai Walda:
Duk biyun za su sa ka yi magana kai kaɗai a gareji, wurin da kowanne yake cizo ne ya bambanta.

Gilashin ba gilas ba ne na gaske, roba ce da ake kira akirilik, wadda aka fi sani da Plexiglas. A dunƙule yake zuwa kamar ƙwarya, kai za ka raba shi gida biyu. A mai zamiya, gaban ya zama gilashin da ke kafe, bayan ya zama murfin da ke tafiya. A mai hinji, babban ɓangaren gaba shi ne murfi, guntun baya ya zama tagar da ke kan wurin kaya. Ko ta ina ka bi, ba ka tsira daga wannan yankan ba.

Ciwon mai zamiya firam ɗinsa ne. Bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, kuma da wuya ya zo daidai da gangar jikinka. Za ka lanƙwasa nan, can ya buɗe, ka gyara can, nan ya koma. Mafi ban haushi, gilashin yana so ya baje, don haka da ka ɗaure shi a firam sai ya buɗa firam ɗin, 'yan tayoyin su fara gogar layinsu. Dole ka matse firam ɗin ya ɗan fi ƙunci tun farko, da lissafin gilas zai buɗa shi. Sai zanen ƙarfen baya da ke rufe tsakanin murfi da gangar jiki. Mutane da yawa sun yi na alminiyam sau biyu, sun haƙura, sun koma faiba. In bai kwanta ba, iska mai sanyi za ta riƙa hura maka wuya duk tafiya.

Ciwon mai hinji kuma a gaba yake. Firam ɗin alminiyam ne, laushi gare shi, sandunan gas ɗin da ke riƙe shi a sama, irin na but ɗin mota, suna tura shi gaba in an rufe. Sai ka ga leɓen farantin murfi yana kama na gangar jiki lokacin buɗewa, ya lanƙwashe. Ratar wurin nan tana son haƙuri da fayil. Kuma duk biyun sai ka yi aikin faiba da sanfefa a gindin gilashin gaba.

Ɗan Kallo:
Ni ban gina komai ba tukuna, karatu nake. Me ya sa kowa yake tsoron gilashin haka? In ya tsage ba a liƙewa?

Injiniya Mai Walda:
Ƙaramar tsaga ana huda ƙarshenta da siririn bakin dirila don ta tsaya, amma tabon yana nan har abada, a gaban idonka. Babba kuwa sai sabon gilas, ga kuɗin dako na abu mai girman kwale-kwale. Ni na fasa nawa na farko, kuma laifina ne, ba na kowa ba. Da sanyin safiya na ɗauke shi bayan na yanka, ban goge bakin yankan ba, sai na ji ƙas. Tsagar ta fi tsawon tafin hannu.

Akirilik in ya yi sanyi gautsi gare shi. Kada ka taɓa shi sai ɗakin ya kai wajen digiri 25 ko fiye, kuma gilashin kansa ya ɗumama, ba iskar ɗakin kaɗai ba. Da faifan yanka ake yanka shi, ba da zarto ba. Kowane yanka, ka goge bakinsa sumul kafin ka motsa shi. Bakin dirila na ƙarfe yana cafkar roba ya fasa, akwai na musamman nata.

Ga kuma lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Akirilik yana miƙewa da zafi kusan ninki uku na alminiyam, kusan ninki shida na ƙarfe. Ɗauki tsawon mita ɗaya da rabi, zafi ya canza da digiri 40, tsakanin jirgi a fake cikin rana da jirgi a can sama. Gilashin zai motsa kamar milimita 4, alminiyam kamar ɗaya da rabi, ƙarfe bai kai ɗaya ba. Shi ya sa ake faɗaɗa ramukan sukuru a gilas, ba a kuma ɗaure su tamau. Shi ya sa kuma wasu suka bar huji gaba ɗaya suka koma gam, Sikaflex 295 UV, wanda ake ba shi kauri na 'yan milimitoci don ya riƙa bayarwa kamar roba. Lura cewa firam ɗin mai zamiya ƙarfe ne, bambancin motsin ya fi yawa a can.

Mai Lantarki:
Don adalci, bari na faɗi aibin nawa kafin Dogo ya faɗa. Ruwa. In an yi ruwan sama ko raɓa ta kwanta, ka ɗaga mai hinji, ruwan gangarowa yake ta gaba, daidai kan rediyo da sauran na'urori. Ƙofar da ke ba ni sauƙin aiki ita ce ke ba ruwa hanya. Sai ka yi wa wurin roba mai kyau, ka sa mayafi a kan na'urorin, ka riƙa goge murfi da tsumma kafin ka buɗe. Kuma in ka bar shi a ɗage wani jirgi ya kunna inji a gabanka ko iska ta taso, zuciyarka za ta tsinke.

Dogo:
Allah ya yi maka albarka da ka faɗa da bakinka.

Hajiya Mai Fukafuki:
Ina ta karanta ku kuna maganar zafi da ciwon baya, ba wanda ya taɓo abin da ya fi kashe mutane a wannan batu, wato sakatar da aka manta.

Ni mai hinji nake tuƙawa. Ana iya tafiya da shi a ƙasa a ɗan buɗe, a ɗora hannun sakatar sama a kan bakan baya, iska tana ɗan shigowa. Ba ta kai ta Malam Dogo ba, amma tana rage azaba. Wata rana na yi haka, aka ba ni izinin tashi da gaggawa saboda wani yana tahowa sauka, na ja murfi ƙasa, ban tura babbar sakatar ba, na sama ma ban juya shi ba. Ƙafa ta bar ƙasa ke nan sai na ji ƙara kamar an buɗe ƙofar injin niƙa. Bayan murfin ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu ya tsaya a nan yana rawa, taswirata ta fice, ban ƙara ganinta ba.

Abin da hannuna ya so yi shi ne ya kai sama ya jawo shi. Muryar malamina ce ta dawo min: tuƙa jirgin. Na bar murfin, na hau zuwa tsayin zagaye, na riƙe gudu kaɗan sama da na kullum, na zagayo na sauka. Jirgin bai ƙi tashi ba, bai ƙi juyawa ba. Da na tsaya ne ƙafafuna suka fara karkarwa.

In kuka karanta rahotannin hukumar binciken haɗurra ta Amurka a kan murfin da ya buɗe, abin da ke maimaituwa ke nan: jirgi yana iya tashi, matuƙi ya saki tuƙi yana kokawa da murfi a kusa da ƙasa. Ba ina cewa kowane jirgi zai yi haƙuri irin nawa ba. Akwai jirage masu gudu da murfinsu in ya ɗaga yake dagula iskar da ke zuwa wutsiya, hanci ya riƙa sama da ƙasa. Kowa ya nemi sanin halin nasa tun yana ƙasa.

Baba Tsohon Matuƙi:
Sannu 'yata, Allah ya kiyaye gaba. Kin yi daidai.

Injiniya Mai Walda:
Ko da kin kama shi, Hajiya, da wuya ki rufe. Saman murfi lanƙwasasshe ne kamar bayan fiffike, iska tsotsarsa take yi sama. A gudun kilomita 280 a sa'a, ƙarfin iska a kan murabba'in mita ɗaya ya kai nauyin kilo 370. Ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ne yake jan murfin, ya fi ƙarfin hannu ɗaya na mutumin da ke zaune cikin bel. A gudun tashi bai kai haka ba, amma ya isa ya raba hankalin mutum biyu.

Ɗan Kallo:
To ai ke nan mai zamiya ya fi aminci, tunda ba ya ɗagawa?

Baba Tsohon Matuƙi:
A wannan fuskar yana da ɗan sauƙi. A irin jirgin da ɗan'uwanmu yake ginawa, iska tana tura murfin mai zamiya gaba ne, wajen rufewa, in an manta sakata yakan tsaya a ɗan buɗe yana ihu. Amma juya maganar. Abin da ke hana shi buɗewa da kansa shi ne zai hana ka buɗe shi ranar da kake son fita da laimar sauka, wato farashut. Shi ya sa masu wasan juyi a sama suke cire bol ɗin 'yan tayoyin gaba su sa fil mai zarewa. Mai hinji kuma an tsara masa hannun da ke zare fil ɗin hinjin, sai dai magina da yawa ba sa sa shi saboda yana cin wuri a tsakiyar allo, ga sandunan gas da sai sun tsinge kafin murfin ya tafi. In kana da niyyar juyi da fasinja, dokar Amurka ta ce in za a karkata fiye da digiri 60 ko a ɗaga hanci ko a sunkuyar da shi fiye da digiri 30, kowa sai ya goya laima. Laimar da ba ka da ƙofar fita da ita kuwa matashin kujera ce kawai.

Kuma kada mu ce "mai hinji" mu yi shiru kamar iri ɗaya ne. Inda hinjin yake shi ne magana. Na gaba, iska ba ta barinsa ya wangale. Na gefe, irin na RV-4 da Sonex da Long-EZ na Burt Rutan, in ya kuɓuce yana iya wangalewa gaba ɗaya, ya bar ka fuska a iska, ko ya fashe. A Long-EZ ma farfela a baya take, duk abin da ya fice daga ɗakin matuƙi ta wajenta zai bi. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan ƙugiya ta biyu da ke kama murfin in babbar ta saki. Na baya kuwa, in ya buɗe, iska ta samu baki ke nan.

Dogo:
Ni dai abin da na sani, jiragen yaƙin duniya na biyu, P-51D Mustang da Spitfire, duk zamiya suke yi. Ba a banza ba.

Mai Lantarki:
Messerschmitt 109 kuma a gefe yake buɗewa, shi ma ya yi yaƙin. Kuma kamfanin da kake tuƙa jirginsa, da ya zo yin RV-12 da RV-14, mai hinji kaɗai ya bayar, babu zaɓi. Ka ce ba su san abin da suke yi ba?

Dogo:
RV-8 fa? Sling 2 fa? Ai zamiya suke yi. Kada ka zaɓo waɗanda suka yi maka daɗi.

Shugaban Zaure:
Malamai, a sassauta. Mutum shawara ya nema, ba yaƙin duniya na biyu ba.

Sabon Magini:
Hahaha, ina ƙaruwa dai. Hajiya, labarinki ya sa jikina ya yi sanyi. Tambaya ɗaya ta rage min, ita ce uwargida ta fi damuwa da ita: in jirgi ya kife a ƙasa, wanne ne ake iya fita?

Hajiya Mai Fukafuki:
Ka gaya mata gaskiya, babu. Jirgi in ya kwanta a bayansa, nauyinsa a kan murfin yake, mai zamiya ba zai zame ba, mai hinji ba zai ɗagu ba. Aikin bakan ƙarfen shi ne ya bar muku sarari tsakanin kai da ƙasa. Fita kuma sai an fasa gilas ta gefe a rarrafo. Don haka ka ɗaure abin fasa gilas a inda hannunka zai kai kana rataye a bel, kai a ƙasa, ba a jakar baya ba. In ka yi yankanka, kada ka zubar da ragowar gilashin. Ka ba ta guntu ta gwada fasawa, kai ma ka gwada. Za ku sha mamakin taurinsa, musamman in da ɗumi.

Kuma ko wanne ka zaɓa, ka sa ɗan makunni a jikin sakata. Allunan na'urori na kamfanonin Garmin da Dynon duk suna karɓar irin wannan siginar, su nuna maka ja in murfi bai kulle ba. Ni bayan abin da ya faru na sa, na kuma mayar da "murfi" layin ƙarshe a jerin dubawata, ina faɗa da baki ina tura shi sama da hannu kafin na ba inji wuta.

Baba Tsohon Matuƙi:
Masu gardamar wane baka ya fi ƙarfi, na gaba ko na baya, sun daɗe suna yi. Na ga hotunan iri biyun a kife, mutane sun fito. Abin da ya fi tasiri shi ne ɗaure bel ɗin kafaɗa sosai da barin rata tsakanin kanka da gilas. Ɗana, kafin ka sa hannu a takardar nan, nemi mai irin wannan da mai irin wancan, ka roƙe su ku zauna a ciki kai da mai ɗakinka. Gani ya kori ji. Ku gwada har da saka jaka a baya, don a mai zamiya murfin yana tsayawa a kan wurin kaya, sai an sunkuyar da kujera an cusa.

Sabon Magini:
Salam. Na dawo bayan mako uku. Na bi shawarar Baba, mun samu mun zauna a duka biyun, mai hinjin ma an zaga da ni sama. Baba bai yi ƙari ba, ganin da ake yi a cikinsa ba a magana, na sauko zuciyata ta karkata can. Amma uwargida ta sha wahalar shiga, ta rasa abin kamawa, ta kusa dafa gilashin, mai jirgin ya yi wuf ya riƙe hannunta. A mai zamiya kuwa ta kama baka ta zauna abinta, ta ce a bar shi a buɗe. Da ita zan yi yawancin tafiyata, kuma ba ni da niyyar juyi. Na aika oda jiya, mai zamiya.

Malam Mai Lantarki, ka yafe ni. Ina neman dabarar da za ta rage min kwanciya a ƙarƙashin allo.

Mai Lantarki:
Na yafe, bayanka ne zai biya. Ka yanka allon gida uku, kowane yanki da sukurunsa, yadda zai fito shi kaɗai. Manyan allunan zamani in ka zare ɗaya, ramin da ya bari ya isa hannu biyu su shiga, don haka ka jera akwatunan na'urori a bayan wannan ramin, fulogansu suna kallonka. Kowace waya ka bar mata rarar da za ta kai cinyarka. Kuma kada ka buga farantin saman nan da ribit sai ka gama wayarin kaf, ka kunna komai ka ga yana aiki. Wasu suna yanka ƙananan ƙofofi a farantin, amma nan ma ruwa yake nema, ka tambayi kamfanin kafin ka huda.

Dogo:
Barka da zuwa cikin masu hankali. Saura ka ce tayar wutsiya za ka sa, ba ta hanci ba.

Shugaban Zaure:
Malam Dogo, wannan ka buɗe mata zarenta daban.

Injiniya Mai Walda:
In akwatin ƙarshe ya iso, kada ka ɓare robar da ke jikin gilashin, kada kuma ka ajiye shi a kan gefunansa ya baje. Ka sa masa abin tallafi daga ciki. Ranar yankan ka yi min magana, zan turo maka hoton yadda na ɗaure nawa na biyu da tef kafin na raba shi.